Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma

 

A wannan wata mun jingine abin da muka yi niyyar tattaunawa, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wata baiwar Allah da ke zaune a wata unguwar zango a Akra. Ta roƙi mu sakaya sunanta, mun kuwa sakaya, Hajiya kawai za mu riƙa kiranta. Shekarunta sun haura hamsin. Mai gidanta ya rasu shekara huɗu ke nan, 'ya'yanta uku kuma duk sun bar gida, biyu suna Turai, ɗaya tana aure a Kumasi. Sana'arta sayar da atamfa a kasuwa, wato zaman wuri ɗaya tun safe har la'asar. Ciwon baya ya matsa mata lamba, ga kuma hawan jini. Likita ya rubuta mata magani, ya kuma ce lalle ta riƙa motsa jiki. Nan ne wata ma'aikaciyar jinya ta yi mata kwatancen waɗansu mata da ke taruwa kowace Asabar da safe a wani ɗakin makaranta, suna wani irin motsa jiki da ake kira yoga.

Hajiya ta je sau biyar a jere. Ga abin da ta ce ya faru daga nan:

"A mako na shida ban je ba, domin ƙafata ta kumbura. Kafin azahar sai ga mata biyu daga cikinsu sun yi sallama a ƙofata. Ba Hausawa ba ne, ɗayarsu ma ba Musulma ba ce. Suka ce sun ga gurbina babu kowa, shi ne suka biyo sahu. Malam, da suka tafi na rufe ƙofa na yi kuka, domin rabon da a lura ba na nan a wani wuri, tun rasuwar mai gidana."

Sai ta yi mana tambayoyi uku. Shin abin nan yana da amfani na gaskiya, ko ɓata lokaci ne? Shin bai taɓa addininta ba? Kuma yaya za ta yi da bakin mutane, tunda har an fara cewa Hajiya ta shiga ƙungiyar Indiyawa? Za mu amsa iyakar saninmu, domin mun tabbata ba ita kaɗai ke da waɗannan tambayoyi ba.

Da farko, mene ne yoga? Asalinta ƙasar Indiya. Kalmar ta fito daga Sanskirit, tsohon harshen malaman can, kuma tushenta yana nufin ɗaure abu biyu wuri ɗaya, kamar yadda ake haɗa shanun noma da karkiya. Fiye da shekara 1,500 da suka wuce wani malami mai suna Patanjali ya tattara ƙa'idojinta cikin wani ɗan ƙaramin littafi, ya kasa tafarkin hawa takwas. Lanƙwashe-lanƙwashen jikin da duniya ta fi sani a yau shi ne hawa na uku, sarrafa numfashi kuma na huɗu. Hawa na farko kuwa halin zama da jama'a ne, kuma abu na farko a cikinsa shi ne abin da suke kira ahimsa, wato mutum ya kame kansa daga cutar da duk wani mai rai. Ashe ke nan, ko a wurin masu abin, tausayi ya riga tabarma zuwa. A ƙarni na ashirin motsa jikin ya bazu zuwa Turai da Amurka, ya shiga asibitoci da makarantu da gidajen yari. Ranar 11 ga Disamba, 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni na kowace shekara a matsayin ranar yoga, bayan ƙasashe 177 sun mara wa ƙudurin baya, aka kuma fara bikin a 2015.

To, yana da amfani ga jiki? Game da ciwon baya, amsar ita ce i. A 2017 likitoci a birnin Boston na Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon baya, yawancinsu talakawa. Aka kasa su uku. Kashi na farko suka riƙa zuwa ajin yoga sau ɗaya a mako har mako 12, kashi na biyu aka tura su wurin masu gashin ƙashi na asibiti, kashi na uku aka ba su littafin shawarwari kawai. Da aka auna, sauƙin da 'yan yoga suka samu bai gaza na masu zuwa gashin ƙashi ba, kuma duka kashin biyu sun fi masu littafi rage shan maganin kashe zafin ciwo. A wannan shekarar ce kuma wata babbar ƙungiyar likitoci a Amurka ta sa yoga cikin hanyoyin da ya kamata mai irin wannan ciwo ya fara gwadawa kafin ya dogara da ƙwayoyi. Dalilin a fili yake. Zaman wuri ɗaya yana sandarar da jijiyoyin baya da na ƙugu, yana raunana naman ciki da ke tallafe da ƙashin baya. Miƙewa a hankali tana sassauta abin da ya sandare, tana ƙarfafa abin da ya yi rauni. Numfashi mai tsawo, a natse, shi kuma yana rage gudun zuciya, yana kwantar da hankali.

Amma Hajiya, ki saurare mu da kyau a nan. Yoga ba ta maye gurbin maganin hawan jini. Kada ki ajiye ƙwaya ko ɗaya sai da izinin likitanki. Haka kuma mai hawan jini, da mai hawan jinin ido, su guji duk wani tsayi da ake kifa kai ƙasa, mai juna biyu kuma ta sanar da malamar tun ranar farko.

Wannan na jiki ke nan. Sai dai mu a ganinmu, babban abin da ke cikin wasiƙar Hajiya yana cikin sallamar nan da aka yi a ƙofarta kafin azahar. Miƙe baya mutum yana iya yinsa shi kaɗai a ɗaka, tabarma da bango sun ishe shi. Abin da bango ba ya yi shi ne ya lura yau ba ka fito ba.

Masana sun daɗe suna auna illar kaɗaici. A 2010 wata malamar jami'a a Amurka, Julianne Holt-Lunstad, ita da abokan aikinta, sun haɗa bincike 148 da suka shafi mutane fiye da 300,000. Suka gano cewa masu ƙaƙƙarfar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda suka keɓe damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari a tsawon shekarun da aka bi su. A 2018 Birtaniya ta naɗa minista musamman domin matsalar kaɗaici. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa illar rashin jama'a ga lafiya tana iya kai wa ta shan taba kara 15 a rana.

Mun san abin da wani zai ce: ai wannan cutar Turawa ce, mu da muke da biki da suna da zaman makoki, ina mu ina kaɗaici? Mu ma da haka muka ɗauka. Amma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a ƙasashen talakawa, inda ya kai kashi 24 cikin ɗari, alhali a ƙasashe masu arziki bai wuce kashi 11 ba. Ba sai mun je Janiba ba, mu duba gidajen hayarmu. Gida ɗaya, ɗaki goma sha biyu, hayaniyar yara tun asuba, amma akwai ɗakin da mai shi za ta kwana biyu ba ta ɗaga labule ba, ba wanda ya tambaya. Ranar rasuwa gida ya cika maƙil, ranar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in haka, daga nan sai kowa ya kama gabansa, a bar mai takaba da katifa da rediyo. 'Ya'ya suna aiko da kuɗi ta waya, Allah ya yi musu albarka, amma kuɗi ba ya cewa ina kwana.

Akwai kuma wata gaskiya da ba mu cika son faɗa ba. Yawancin tarukanmu na zumunci da kuɗi ake shigarsu. Biki yana son anko da gudummawa, adashi yana son zubi, ƙungiyar 'yan gari tana son kuɗin wata. Wadda hannunta ya yi sanyi sai ta fara janye jiki don gudun kunya, ta ƙi zuwa wannan, ta ƙi zuwa wancan, har a daina aiko mata da goron gayyata. Wato daidai lokacin da mutum ya fi bukatar jama'a, lokacin ne ƙofar take rufe masa.

A nan ne muke ganin fa'idar irin taron da Hajiya ta faɗa ciki. Na ɗaya, yana da rana da lokaci tsayayye, ba sai an haihu ko an mutu ba kafin a haɗu. Na biyu, fuskokin ba sa canzawa, kowa yana da gurbinsa, saboda haka in gurbi ya zama fayau ido zai gani. Na uku, kowa a ƙasa yake, babu takalmi, babu gwal, babu leshi. Na huɗu, kuma shi ne ya fi ba mu sha'awa, wuri ne da rauni ba ya ɓoyuwa. Matar mai kuɗi ta sunkuya ta kasa taɓa yatsun ƙafarta, mai sayar da koko ta taɓa, a yi dariya, gobe kuma mai kokon ta kasa tsayuwa da ƙafa ɗaya a riƙe ta. Mutanen da suka saba ganin gazawar juna ba tare da gori ba, ba ya yi musu wuya su buɗe baki su faɗi sauran abin da ke damunsu. Wadda ta riƙe miki kafaɗa don kada ki faɗi, ita ce za ki iya gaya wa ba kya samun barci.

Bari mu ba da misali daga wannan nahiya tamu. A Nairobi, babban birnin Kenya, akwai wata makekiyar unguwar talakawa da ake kira Kibera. Tarihinta zai yi wa mutanen zango kama da nasu, domin Nubawa Musulmi ne 'yan asalin Sudan, tsofaffin sojojin Ingila, suka fara zama a wurin a farkon ƙarni na ashirin, daga baya kowace ƙabila ta kwararo. A 2007 wata Ba'amurkiya malamar yoga mai suna Paige Elenson ta kafa wata ƙungiya a Nairobi mai suna Africa Yoga Project, bayan ta haɗu da waɗansu samari masu wasan alkafura. Tsarin da ta bi mai sauƙi ne. Aka ɗauki samari da 'yan mata marasa aikin yi daga Kibera da makamantanta, aka koya musu, aka riƙa ba su ɗan albashi, bisa sharaɗin kowa ya koma unguwarsu ya koyar kyauta. Ta haka ajin ya shiga makarantu, da gidajen marayu, da gidajen yari, da wurin kurame, da taron masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Ranar Asabar kuma aka riƙa yin babban aji kyauta ga kowa, a ci abinci tare bayan an tashi.

Ba a jima da farawa ba sai ƙasar ta rikice. Bayan zaɓen Disamba 2007 faɗan ƙabilanci ya ɓarke, aka kashe fiye da mutum 1,000, wajen 600,000 suka rasa matsuguni. Matasan nan suka ɗauki tabarminsu suka shiga sansanonin 'yan gudun hijira suna koyarwa, 'ya'yan ƙabilun da ke gaba da juna suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Ba mu ce yoga ce ta kashe wutar Kenya ba, wannan aikin masu sulhu ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne, yaron da jiya ake kallonsa a matsayin ɗan zaman kashe wando, yau mutum talatin suna jiransa ƙarfe bakwai na safe, in bai zo ba ajin ba zai yiwu ba. Mutum yana bukatar a taimake shi, yana kuma bukatar a bukace shi. Taro na gari yana ba da duka biyun.

To yaya ake gane taro mai tausayi? Ana gane shi ta yadda yake yi da mafi rauni a cikinsa. Ɗaya daga cikin mashahuran malaman yoga na ƙarnin da ya wuce, B.K.S. Iyengar, an haife shi a 1918 a kudancin Indiya, ya kuma taso cikin jinya, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa taifot zuwa tarin fuka. Da ya zama malami, an san shi da zafi da tsawa, amma bai manta da yadda jiki mara ƙarfi yake ba. Shi ya yaɗa amfani da kujera, da bargo, da ɗamara, da guntun katako, da igiyar bango, domin tsoho da majinyaci su sami abin dogarawa. A makarantar da ya buɗe a birnin Pune a 1975 an keɓe aji musamman domin marasa lafiya. Shi kansa ya kai shekara 95 kafin ya rasu a 2014. Darasin shi ne, in hannunki bai kai ƙasa ba, malamar kirki za ta kawo ƙasar kusa da hannunki. Saboda haka Hajiya, ki lura. In tsohuwa ta zo, ana kawo mata kujera ko ana barinta a baya? In mace ta ce nan yana mata ciwo, ana cewa ta dakata ko ana cewa ta daure? Wadda ba ta da kuɗin wannan mako, ana barinta ta shimfiɗa tabarmarta ko ana juya mata baya? Maganar da aka yi a ɗakin, tana tsayawa a ɗakin ko gobe a ji ta a kasuwa?

Dole kuma mu faɗi ɗaya gefen, domin duk inda masu rauni suka taru, kura takan zo da fatar akuya. A Amurka an yi wani malamin yoga ɗan Indiya mai suna Bikram Choudhury, wanda ya yi suna, ya tara dukiya, almajiransa suna ɗaukarsa kamar ba ya kuskure. Daga baya mata da dama suka kai shi ƙara kan cin zarafi. A 2016 wata kotu a Los Angeles ta yanke ya biya wata tsohuwar lauyarsa fiye da dala miliyan 6, ya bar ƙasar bai biya ba, a 2017 aka ba da sammacin kama shi. Alamomin irin wannan wuri ba su da wuyar ganewa: shugaban da ba a yi masa tambaya, kuɗin da kullum ƙaruwa yake, taɓa jiki ba tare da neman izini ba, cewa a bar maganin asibiti, da kuma ƙoƙarin raba mutum da danginsa ko addininsa. Duk inda kika ga ɗaya daga cikin waɗannan, naɗe tabarmarki ki yi gaba. Taro na gari yana ƙara miki mutane, ba ya rage miki waɗanda kike da su.

Sai tambaya ta biyu, ta addini. Wannan fili ba na fatawa ba ne, kuma ba za mu yi shigar malamai ba. Abin da za mu iya shi ne mu kawo yadda batun yake. Babu musu yoga ta taso ne cikin addinan Indiya, kuma har gobe akwai waɗanda ibada ce a wurinsu. A nan Akra ma akwai gidan ibadar Hindu a Odorkor tun 1975. Akwai ajin da ake rera kalmomin addu'arsu, akwai jerin motsin da sunansa ke nufin gaisuwa ga rana. Akwai kuma ajin da babu komai cikinsa sai miƙa jiki da numfashi, irin wanda asibitoci ke yi. Malaman ƙasashen Musulmi sun duba wannan bambanci. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan ibadar da ke cuɗe da ita, sai firayim ministan lokacin, Abdullah Badawi, ya bayyana cewa ana iya yin motsa jikin in babu waɗancan kalmomi. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ke ɗauke da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 Saudiyya ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki. Har yanzu akwai malaman da ke ganin barinta gaba ɗaya ya fi, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne.

Shawararmu ita ce, ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa, ki kwatanta masa abin da ake yi a ɗakin dalla-dalla, abin da ake faɗa da abin da ake aikatawa, kada ki kai masa suna kawai. Sa'an nan ki gaya wa malamar ajin iyakarki a fili: mata zalla, sutura mai rufe jiki, babu furta abin da ba ki san ma'anarsa ba, babu sunkuya wa hoto ko gunki. Yadda za ta karɓi wannan magana shi ma gwaji ne. In ta karɓa da fara'a, kin sami mutanen kirki. In ta ɓata rai, kin sami amsarki ba tare da kin wahalar da malam ba.

Saura tambaya ta uku, bakin mutane. Hajiya, da ƙafarki ta kumbura, cikin masu cewa kin shiga ƙungiyar Indiyawa, nawa ne suka leƙo? Ba muna zuga ki ki yi faɗa da maƙwabta ba ne, zaman tare ya wuce haka. Maganin ƙananan maganganu shi ne a buɗe ƙofa. Ki gayyaci ɗaya daga cikinsu, musamman wadda ta fi kowa surutu, ki ce ta raka ki ranar Asabar ta ga abin da idonta. Gani ya kori ji. Wataƙila ita ma bayanta yana ciwo, wataƙila ita ma dare yana yi mata tsawo, ba ta dai sami wanda za ta gaya wa ba.

Yanzu kuma bari mu juyo kanmu, mu jama'ar zango. Wasiƙar nan ta ba mu kunya, kuma ya kamata ta ba mu. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da fataucin goro da shanu, waɗansu da aikin soja, suka kafa zango a kan ƙa'ida ɗaya: baƙo ba ya kwana a waje. Mai gida yana saukar da wanda bai taɓa gani ba, ya ba shi ɗaki da tuwo har ya tsaya da ƙafarsa. Yau ga 'yarmu, a tsakiyarmu, ta shekara huɗu ba a lura da ita ba, sai da baƙi biyu da suka san ta mako biyar kacal suka tako har ƙofarta. Ba su fi mu zuciya ba. Abin da suka fi mu shi ne tsari: suna haɗuwa a kan lokaci, suna ƙirga kansu, in ɗaya ta ɓace suna aika mutum.

Wannan tsari kuwa ba mallakar Indiya ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da yoga ba, ba dole. Ga ƙungiyoyin motsa jiki da ke fita tattaki da sassafe a ƙarshen mako a garuruwanmu, ga makarantun Islamiyya na matan aure, ga majalisar dattawa a ƙofar masallaci. Kowanne yana iya zama irin wannan taro in aka ƙara masa abu uku. A sa rana tsayayya. A bar ƙofa buɗe ga wanda ba shi da ko sisi. A kuma naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai shi ne ya duba wa bai zo ba, ya tabbata an taka an je kafin rana ta faɗi. Zumunci a ƙafa yake, haka muka gada. Mata goma da tabarma goma da tsakar gida mai inuwa sun isa a fara, in kuma za a haɗa da miƙa jiki, a nemi ma'aikaciyar lafiya ta nuna yadda ake yi ba tare da an ji ciwo ba.

Ga Hajiya kuwa, amsarmu a taƙaice ita ce: ki sha maganinki, ki ga malaminki, in kuma hankalinki ya kwanta ki koma ranar Asabar. In kin koma, kada ki tsaya a matsayin wadda ake dubawa kawai. Ki ƙirga tabarmi ke ma. Ranar da kika ga gurbin wata babu kowa, ki ɗauki mayafinki ki bi sahu, ko da ba ku haɗa yare ba. Muna kuma roƙon ki sake rubuto mana bayan wata uku, mu ji yadda bayan yake, da yadda maƙwabciyar nan ta ga abin.

Ku kuma sauran masu karatu, kafin fitowa ta gaba, kowa ya tuna mutum ɗaya a gidansu ko a layinsu da ya kwana biyu bai gani ba, ya je ya yi sallama. Masu son tofa albarkacin bakinsu a kan wannan batu, musamman malamanmu da ma'aikatan lafiya, fili a buɗe yake.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar mu da zumunci. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.